Kwat ko amain: wane abokin haɗi za ka ba sinadarinka mai caji?

Sinadari mai caji ruwa yake so. Ka zuba shi a kwalba mai ruwa da mai, ka girgiza har hannunka ya gaji, idan komai ya lafa a ɓangaren ruwa za ka same shi. Wannan halin shi ke hana wasu sinadarai haɗuwa a tukunyar masana'anta, shi ke sa wasu su wuce ta kolom ɗin HPLC, bututun na'urar da ke rarrabe sinadarai, a guje ba su tsaya ba, kuma shi ke hana magunguna da dama ratsa bangon ƙwayar halitta, domin tsakiyar bangon nan kitse ne. Dabarar da aka daɗe ana yi ita ce a samo wa sinadarin abokin haɗi mai kishiyar caji kuma mai jiki irin na mai. Idan suka manne, cajin wannan ya rufe na wancan, sai su zama tagwayen ayon (ayon ƙwayar sinadari ce mai caji), su shiga mai tare kamar abu guda.

Idan sinadarinka mai cajin negetif ne, manyan 'yan takara biyu ne a gabanka. Na farko gishirin amoniyam mai rassa huɗu, wanda masu aikin ke taƙaita wa suna su ce kwat. Na biyu amain mai rassa uku. A takarda tazarar da ke tsakaninsu reshe ɗaya ne tak, amma reshen nan shi ke yanke hukunci a kusan ko'ina.

A jikin kwat, naitirojin yana riƙe da rassan kabon huɗu. Ba shi da furoton, wato haidirojin mai cajin fozitif, da zai saki, don haka cajinsa na fozitif yana nan daram ko an jefa shi cikin asid ko cikin soda irin ta yin sabulu. Amain kuwa rassa uku gare shi da gurbi ɗaya a buɗe. A cikin asid sai ya ɗauki furoton ya yi caji, idan aka ɗaga pH, wato aka rage ƙarfin asid ɗin, ya sake shi ya koma ba caji. Ga tirayitail-amain, alal misali, pKa ɗinsa, wato pH ɗin da rabinsa ke zubar da caji, na wajen 10.7, ke nan da zarar pH ya haura 12 kusan duka ya zubar da cajinsa. Tambayar da ya kamata ka fara yi wa kanka ita ce: ina so haɗin nan ya riƙe ko ta halin ƙaƙa, ko kuwa akwai lokacin da zan so ya warware?

Akwai wani abu kuma da ya shafi dukansu biyu. Ƙarfin da ke jan caji biyu zuwa ga juna ya dogara da ruwan da suke ciki. Niels Bjerrum na Denmak ya yi lissafin wannan tun 1926. Ruwa yana raunana jan da kusan ninki 78, daikuloromitan da kusan 9, kulorofom da 4.8, toluwin da 2.4. A cikin ruwa sai ayon biyu sun matso kusa da nanomita 0.7 kafin jan da ke tsakaninsu ya kai ƙarfin motsin da zafi ke ba su. A kulorofom tazarar ta kusa nanomita 12. Ma'ana, tagwayen ayon a cikin mai suke da ƙarfi, a cikin ruwa mai gishiri kuwa haɗin sako-sako ne. Ka riƙe wannan, domin idan mun iso maganar jikin mutum shi ne zai dame mu.

A tukunyar haɗa sinadarai

Nan dai fagen kwat ne, kuma ana iya gani da ido. Ka zuba ruwan fotasiyam famanganet a mazurarin raba ruwa, ka ƙara daikuloromitan. Ruwan shunayya zai zauna a sama, daikuloromitan ya kwanta a ƙasa garau, tunda ya fi ruwa nauyi. Girgiza ba ta sauya komai. Sai ka ɗebi ɗan garin wani kwat, tetirabutail-amoniyam buromaid (TBAB), a bakin cokali ka jefa, ka sake girgizawa, ka buɗe famfon ka saki iska, ka ajiye. Kana kallo launin zai sauka ƙasa, saman ya dusashe. Kwat ɗin ya saki buromaid ɗinsa ya ɗauki famanganet ya tsallaka da shi. (Kada ka yi gigin ƙafar da ruwan domin ka samu garin gishirin a bushe. Famanganet na kwat ya sha kamawa da wuta a hannun masu bincike.)

Aikinsa aikin mai fito ne: ya ɗauki fasinja daga wannan gaɓa, ya sauke a waccan, ya ɗauko wani ya dawo. Shi ya sa kaɗan ake buƙata, kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari galibi. Charles Starks, wanda ya yi aiki da kamfanin man Continental a Amurka, ya bayyana wannan a 1971 da gwajin da har gobe ake koyarwa. Ya dafa kuloro-oktan da ruwan sodiyam sayanaid kwana da kwanaki bai samu komai ba, amma da ya ƙara ɗan gishirin mai rassa huɗu sai aikin ya kammala cikin kimanin sa'o'i biyu. A wancan gwajin gishirin fosfoniyam ya sa, ɗan'uwan kwat mai fosfaras a tsakiya, amma hanyar aikin ɗaya ce. Kafin shi, Mieczysław Mąkosza a Folan ya riga ya nuna tun shekarun 1960 cewa da wani kwat mai suna TEBA da ruwan soda mai kauri kashi 50 cikin ɗari ana iya yin aikin da a da sai da sinadarai masu haɗari da busasshen ruwan narkarwa. Arne Brändström a Suwidin shi ma ya bi ta hanyar tsamo tagwayen ayon da gishirin tetirabutail-amoniyam.

A cikin soda mai kauri haka amain ba shi da ta cewa, ya riga ya rasa caji. Inda za ka ga an zuba amain kuma aiki ya tafi, sau da yawa ka duba da kyau za ka tarar akwai wani abu kamar benzail kuloraid a tukunyar wanda ya maƙala masa reshe na huɗu, ya mayar da shi kwat a nan take.

To wane kwat? Nan ne mutane suka fi yin zaɓen tumun dare, su ɗauki wanda ke kan kanta. Abu biyu ake dubawa: yawan kabon da kuma yadda cajin ke a fili. TBAB kabon 16 gare shi, rassa huɗu daidai wa daida. Yana shiga mai, kuma ana iya wanke shi da ruwa bayan an gama, ga araha. Shi ya sa na fi ba wanda bai san inda zai fara ba shawarar ya fara da shi. Aliquat 336 reshe ɗaya gajere ne, sauran ukun dogaye masu kabon 8 ko 10. Ruwa ne mai kauri, yana zama a cikin mai ko da toluwin ne ko hekzan, inda TBAB kan gaza. Amma fitar da shi daga abin da ka haɗa jan aiki ne, domin wanki da ruwa ba ya taɓa shi. Idan abin da kake haɗawa zai zama magani, ka yi wannan lissafin tun kafin ka fara. TEBA ƙarami ne, cajinsa a buɗe, ya fi dacewa da aikin soda inda abin ke faruwa a kan iyakar ruwa da mai. Shi kuwa CTAB, mai doguwar jela ɗaya da ƙananan rassa uku, sabulu ne a zahiri. Zai haɗe maka ruwa da mai su zama kamar madara, ka wuni kana jiran su rabu.

Akwai tarko biyu. Kwat yana da son kai wajen zaɓen fasinja: ya fi son ayon babba mai laushi wanda ruwa bai riƙe shi da ƙarfi ba. Ayodaid ya fi buromaid shiga ransa, buromaid ya fi kuloraid, haidiroksaid da salfet kuwa can ƙarshen layi. Idan aikinka yana sakin ayodaid ko tosilet, a hankali za su mamaye kwat ɗin gaba ɗaya, aikin ya tsaya a rabi, kai kuma kana ta ƙara wuta. Maganinsa shi ne ka fara da kuloraid ko buromaid ko mesilet maimakon ayodaid, kuma idan da hali ka sayi kwat mai haidirojin salfet, tunda salfet ba ya gasa da kowa. Tarko na biyu zafi ne. Kwat a cikin soda mai ƙarfi yana ruɓewa ya koma amain da alkin, abin da August Wilhelm von Hofmann ya gano tun 1851. Fosfoniyam ya fi jure zafi idan babu soda, amma soda na lalata shi ta wata hanyar. Idan zafi da soda sun haɗu, sai a koma ga irin su 18-crown-6, zoben da ke rungume fotasiyam, wanda Charles Pedersen na kamfanin DuPont ya bayyana danginsa a 1967. Suna da tsada, kuma suna da guba.

Idan so kake ka tsamo abu sannan ka karɓe shi

Misalin da ya fi fito da bambancin a fili yana wajen masu tace ma'adinai. Alamine 336 amain ne mai dogayen rassa uku. Ka maƙala masa reshen mitail ɗaya, ya zama Aliquat 336. Masu tace yuraniyam daga ruwan asid na salfa da amain suke aiki: a cikin asid yana da caji, ya kama yuraniyam ya shiga da shi cikin kananzir, sannan a ɗaga pH ya saki kayan cikin sauƙi. Kwat ba ya saki ta wannan hanya, sai ka ture abin da ya riƙe da wani ayon mai yawa, kamar kuloraid. Amfaninsa shi ne yana aiki a ruwan alkali, inda amain ya mutu. Wanda ke tsamo wani asid daga tsiro ko daga ruwan ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji, lissafin ke nan shi ma.

A kan HPLC magana ba ta da tsawo, na'urar da ke ƙarshen kolom ita ke zaɓar maka. Idan da hasken UV kake aunawa, tetirabutail-amoniyam kamar milimola 5 a lita a pH 7 yana riƙe irin su ATP da salfonet a kolom C18 da kyau, kuma ɗan kaucewar pH ba ta sauya cajinsa. Sai dai kolom ɗin yana jan lokaci kafin ya daidaita, kuma ka ɗauka ka sadaukar da shi ga wannan aikin kaɗai. Idan kuwa na'urar auna nauyin ƙwayoyi ce, wato MS, ka nisanta kwat daga gare ta. Ba ya ƙafewa, yana danne siginar abin da kake nema, kuma lambar nauyin tetirabutail-amoniyam, 242, za ta riƙa fitowa a sakamakon duk wanda ya zo bayanka. A ɗakin gwajin da mutum goma ke layi a kan na'ura ɗaya, wannan ya isa ya ɓata zumunci. Masu auna guntayen DNA da RNA da tirayitail-amain haɗe da wani asid mai rauni, HFIP, suke aiki, domin dukansu suna ƙafewa. Shi ma amain yana barin ɓurɓushi, amma ya fi sauƙin wankewa.

A cikin jiki

Nan ne nake ganin ake yawan ruɗuwa, domin abin da ya yi kyau a kwalba ana ɗauka zai yi kyau a hanji.

Mu fara da abin da caji na dindindin ke yi wa magani shi kansa. Fisostigmin, wanda aka fara cirowa daga waken Kalaba a 1864, amain ne mai rassa uku: hanji na tsotse shi, kuma yana shiga ƙwaƙwalwa. Niyostigmin, wanda aka haɗa a 1931 bisa tsarinsa, kwat ne. Ba ya shiga ƙwaƙwalwa, kuma abin da hanji ke tsotsa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba, shi ya sa miligiram 15 ta baki ke daidai da kusan rabin miligiram ta jijiya. Haka hayosin, ɗaya daga cikin sinadaran da ke cikin zaƙami, amain ne, kuma kowa ya san abin da zaƙami ke yi wa hankali. Aka ƙara masa reshen butail ya zama maganin murɗar ciki da ake sayarwa da sunan Buscopan: ƙasa da kashi 1 cikin ɗari ke isa jini idan an sha, yana aikinsa a bangon hanji, kai kuma lafiya lau. Metailnaltirekzon da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2008 da gangan aka yi shi kwat, domin ya warware taurin bayan gida da magungunan ofiyam ke jawowa ba tare da ya hana su kashe zafi a ƙwaƙwalwa ba. A duk waɗannan, rashin ratsa bango shi ne abin da ake nema.

Idan kuma ana so kwat ya zama abokin ɗaukar wani magani mai cajin negetif fa? A kan fata da saman kayan aiki yana yi. Vincent Gott ya nuna a 1963 cewa wani kwat, benzalkoniyam, na iya riƙe hefarin, maganin hana daskarewar jini, a saman roba ko ƙarfe da aka shafa wa girafait, jini ya daina daskarewa a kai, kuma an daɗe ana shafa wa bututun jijiya irin wannan haɗi. Amma ko a nan, jini yana wanke shi a hankali, kuma benzalkoniyam ɗin da ya zube yakan ruɗa na'urar auna sodiyam da fotasiyam idan ta bututun aka ɗebi jinin.

Labarin RNA shi ya fi koyar da darasi. A 1987 Philip Felgner da abokan aikinsa suka fito da DOTMA, kitse mai kan kwat, wanda ke manne wa fosfet ɗin DNA ya shigar da ita cikin ƙwayoyin halitta a faranti. Daga baya DOTAP ya biyo. A faranti abin ya yi kyau ƙwarai. A cikin jini kuwa cajin da ba ya mutuwa sai ya riƙa jawo furotin na jini, ya manne wa jajayen ƙwayoyi, ya tayar da garkuwar jiki, a share shi da wuri. Mafita ta zo ne daga komawa ga amain, aikin da masu bincike a Bankuba ta Kanada, irin su Pieter Cullis, suka daɗe a kai. Ana haɗa ƙwayar kitsen a pH kusan 4, inda amain ke da caji ya kama RNA. A jini, pH 7.4, kusan ba shi da caji, sai ya wuce salin-alin. Idan ƙwayar halitta ta haɗiye shi cikin 'yar jakarta mai tsami, pH 5 zuwa 6 da ɗoriya, cajin ya dawo, ya yi tagwaye da kitsen jakar mai negetif, bangon ya ɓarke, RNA ta fita. An gano cewa pKa tsakanin 6.2 da 6.5 ya fi dacewa idan hanta ake nufi. Kitsen MC3, wanda ke cikin maganin RNA mai suna Onpattro da aka amince da shi a 2018, nasa 6.44 ne. Alluran rigakafin korona na Pfizer da BioNTech da na Moderna duk da irin wannan kitse aka yi su, ALC-0315 da SM-102.

Ban ce an yi watsi da kwat ba. Masu bincike a Dalas ta jihar Teksas sun nuna a 2020 cewa ƙara DOTAP a cikin irin wannan ƙwaya yana karkatar da ita daga hanta zuwa huhu a jikin ɓeraye. Amma idan ɗalibi ya zo min da shirin ɗaukar magani ta jijiya da CTAB domin shi ne ke akwai a sito, zan ce ya sake tunani. CTAB na fasa ƙwayoyin halitta a ɗan ƙaramin adadi. Ko benzalkoniyam da ake sa wa maganin ɗigon ido domin kada ya lalace, kashi 0.004 zuwa 0.02 cikin ɗari kacal, an san yana cutar da saman ido ga masu ɗiga shi shekara da shekaru, kamar masu hawan jinin ido. Idan lallai kwat kake so, ka duba masu sauƙin narkewa a jiki. Kolin kwat ne da jiki ya saba da shi, kuma an gwada haɗinsa da asid ɗin jeranik wajen kai insulin ta baki a jikin ɓeraye a 2018.

Wani abin da masu haɗa magani ke mantawa: kwat ba ya tambayar wanda ka nufa ya haɗu da shi. Ka ɗiga ruwan setirimaid, wanda ke cikin Savlon, a ruwan sabulun wanki, nan take za ka ga ya yi gizo-gizo ya dusashe. Tagwayen ayon ne suka samu tsakanin kwat da sabulu, kuma ƙarfin kashe ƙwayoyin cutar ya tafi tare da su. Duk wani abu mai negetif a cikin haɗinka, kabomar da ke kaurara man shafawa ko SLS mai sa kumfa ko aljinet, yana iya sace maka kwat ɗin kafin ya ga maganin.

Saura juyin lamarin, wanda ake yawan kawowa a matsayin aikin digiri na biyu: maganin shi ne kwat, ana so a haɗa shi da ayon mai kitse kamar dokuset, oliyet ko diyoksikolet domin hanji ya tsotse shi. Gwajin ruwa da oktanol, wanda ke tsayawa a madadin mai, zai ba ka sakamako mai faranta rai, maganin zai koma ɓangaren oktanol ninki da yawa. Hanji kuwa ba mazurarin raba ruwa ba ne. Akwai ruwa mai yawa da zai tsarma haɗin, ga kuloraid wanda a jini ya kai kusan milimola 100 a lita, ga gishirin ɗacin matsarmama, duk suna gasa da abokin da ka zaɓa. Inda wannan dabara ta fi tabbata shi ne wajen lodi: shigar da maganin cikin ɗigon mai ko ƙwayar PLGA, wata roba mai narkewa a jiki, inda babu ruwan da zai raba su, sannan jakar ta yi sauran tafiyar. Idan ratsa bango da gaske ake buƙata, kamar shiga ƙwaƙwalwa, hanyar da ta fi ƙarfi ita ce a kashe cajin na ɗan lokaci ta hanyar sauya ginin maganin. Nicholas Bodor ya yi haka a 1975 da firalidokzim, wani kwat da ke maganin gubar feshin ƙwari: ya mayar da shi siffa marar caji wadda ke ratsawa, a ciki kuma jiki ya mayar da ita kwat.

Wanda duk ya nace a kan tagwayen ayon ta baki, gwaji biyu nake so in gani a teburinsa kafin ya sayi ɓeraye. Na farko, ya tsarma haɗin ninki ɗari a ruwan gishiri mai pH 6.8, ya auna nawa ne maganin ya kuɓuce cikin minti talatin. Na biyu, ya zuba abokin haɗin shi kaɗai a kan tantanin gwaji tare da wani sinadari da aka san ba ya ratsawa, kamar manitol. Idan manitol ya wuce, to abokin haɗin ne ke huda tantanin, tunda dokuset da diyoksikolet da SLS duk dangin sabulu ne, kuma ƙarin tsotsar da ya gani ba daga tagwayen ayon ta fito ba.